Asalin Sunan "Hausawi" Da Yaɗuwarsa A Ƙasashen Gabas

Gabatarwa

Duk wanda Allah ya nufa da sauke farali, ko kuwa yake bin labarin wasannin ƙasar Saudiyya, da wuya a ce bai taɓa cin karo da sunan nan "Hausawi" ba. A gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya da aka yi a Rasha cikin 2018, mutum uku daga cikin 'yan wasan Saudiyya da wannan suna suke amsawa, watau Usama Hausawi wanda shi ne kyaftin, da Umar Hausawi da Mu'utaz Hausawi. Abin da zai ɗaure wa mutum kai shi ne, a nan ƙasar Hausa babu gidan da ake kira da wannan suna. Mutum ya tashi daga Galadi ya bi ta Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda, ya zarce Gusau har ya dangana da Kano yana cigiyar gidan Hausawi, ba zai sami mai nuna masa ƙofa ba.

To ina aka samo sunan, kuma yaya aka yi ya zama sunan zuriya a wata ƙasa alhali babu shi a ƙasar asali? Wannan ita ce tambayar da muke son mu bi diddiginta a wannan maƙala. Abin da za mu nuna shi ne, tafiya ce ta haifi sunan, domin al'adar suna ita ce, iyakar nisan da mutum ya yi da gida, iyakar faɗin sunan da za a laƙaba masa.

Yadda Muke Kiran Juna A Gida

Bahaushe bai gaji sunan zuriya irin wanda ake miƙawa daga kaka zuwa jika ba. Abin da muka sani shi ne sunan yanka, sa'an nan laƙabi, sa'an nan a jingina mutum ga mahaifinsa ko sana'arsa ko sarautar gidansu, a ce ɗan wane, ko wane maƙeri, ko wane na gidan Magaji. A cikin ƙauye wannan ya wadatar, tun da kowa ya san kowa.

Sunan gari ba ya shigowa sai mutum ya fita. Mu ɗauki misalin wani mai suna Musa a Galadi. A garinsu shi Musa ɗan wane ne. In ya kai kaya kasuwar Shinkafi, inda Musa ya yi yawa, sai a ce Musa na Galadi. In ya tafi cin rani Kano ko Zariya, inda ba kowa ya san Galadi ba, sai ya koma Musa Shinkafi, ko a ce Bazamfare, ko ma a haɗa shi da sauran mutanen yamma a ce Basakkwace. In ya gangara Ibadan ko Kumasi ya sauka zango, to ya zama Bahaushe kurum. Ga shi dai mutum ɗaya ne, amma kowane zango ya ci sai sunan ya ƙara faɗi, garinsu kuma ya ƙara ɓacewa a cikinsa.

Makarantun boko su suka fara mayar da irin wannan laƙabi suna na dindindin. Turawa na bukatar suna biyu a rajista, yaro kuwa yana jin nauyin ambaton sunan mahaifinsa saboda alkunya, sai a rubuta masa sunan garin da ya fito. Ta haka muka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari. A ƙasar Zamfara ga Shaihu Abubakar Gumi, ga Aliyu Gusau, ga Umaru Shinkafi, Marafan Sakkwato, wanda ya rasu a 2016. Makaɗa ma haka, kamar Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo Maradun. Mai karatu ya riƙe wannan, domin abin da magatakardan makaranta ya yi a nan gida, shi ne magatakardan hukuma ya yi a Hijaz, illa dai shi can ƙasa guda ya rubuta a madadin gari.

Kafin A Ce Hausawi

Larabawa suna da tasu hanyar jingina mutum ga ƙasarsa, wadda malamai ke kira nisba. Inda mu za mu sa "Ba" a farkon kalma mu ce Bakano ko Babarbare, su sai su ƙara "i" ko "wi" a ƙarshe su ce Kanawi ko Barnawi. Saboda haka Hausawi ba wani abu ba ne face Bahaushe da bakin Balarabe.

Amma in muka duba mutanenmu na farko da suka yi suna a gabas, za mu ga da garuruwansu aka san su. Mashahurin malamin lissafin nan na Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu, wanda ya yi aikin hajji ya zauna Alƙahira har ya rasu can a 1741, Alkashinawi ake ce masa, watau Bakatsine. Dalili kuwa shi ne a wancan zamani kowace ƙasa tana cin gashin kanta. Hasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Liyo Afrikanus, a littafin da ya kammala cikin 1526 ya lissafa Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir ɗaya bayan ɗaya, harshen da ake yi a yankin kuma ya kira shi harshen Gobir. Sai a rubuce-rubucen masu jihadi ne muke ganin kalmar "ƙasar Hausa" ta zauna daram a matsayin sunan da ya game dukkan waɗannan ƙasashe.

Ga talakan alhaji kuwa, wanda ba shi da littafin da zai sa sunansa a kai, mutanen Masar da Hijaz suna da suna guda da suke yi wa duk baƙin da ya fito daga yammacin Afirka, shi ne Takruri ko Takruni. Takrur wata tsohuwar daula ce a bakin kogin Sanagal wadda sarakunanta suka karɓi Musulunci tun ƙarni na 11, sai sunanta ya rufe duk ƙasashen da ke bayanta. Har yau akwai unguwa a Alƙahira da ake kira Bulaƙ Addakrur. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma da ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, tarihin ƙasashen Takrur ya kira shi. Daga wannan kalma ce muka sami "Takari" da muke ji a bakin alhazai.

Hanyar Gabas

Sunan Hausawi bai sami gindin zama ba sai da masu jin Hausa suka yi yawa a Hijaz har aka bukaci a bambanta su da sauran Takari. Abubuwa uku suka kawo wannan yawa.

Na farko shi ne sauyin hanya. A da, alhazai kan bi ayarin Sahara ta Agadas da Fezzan zuwa Masar, tafiyar da sai mai raƙumi da guzuri. Daga baya, musamman a ƙarni na 19, hanyar Sudan ta buɗe: daga Barno zuwa Bagirmi da Wadai, a shiga Darfur da Kurdufan, a haye kogin Nilu, a kai Sawakin ko Masawa a bakin Bahar Maliya, sa'an nan a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Wannan hanya ta talaka ce. Mutum kan tashi da iyalinsa a ƙafa ko da jaki, in guzuri ya ƙare ya tsaya ya yi noma, ko ɗinki, ko wanzanci, ko ya buɗe makarantar allo, in ya tara abin da ya tara ya ƙara gaba. Tafiyar kan ci shekaru, har yaron da aka goyo daga gida ya isa Makka da ƙafarsa. Da yawa ba su ƙarasa ba, da yawa kuma da suka ƙarasa ba su sami halin komowa ba.

Na biyu shi ne zuwan Turawa. Kano ta faɗi a watan Fabrairu na 1903, aka gwabza a Kwatarkwashi nan ƙasar Zamfara, sa'an nan Sakkwato ta faɗi ran 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya zaɓi hijira a kan zama ƙarƙashin Nasara, ya ratsa ta Zamfara ya nufi gabas, jama'a suna barin gonaki da gidaje suna bin sa. Dama akwai daɗaɗɗen zance a cikin jama'ar Shehu cewa wata rana za a yi ƙaura zuwa gabas a tarbi Mahadi, wannan ya ƙara wa mutane ƙaimi. Attahiru ya yi shahada a Burmi ran 27 ga Yuli na 1903, amma ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar wajen 1906. Garin har yau Mai Wurno ake ce masa. A duba yadda suna ke tafiya: Wurno gari ne a ƙasar Sakkwato, ya zama laƙabin mutum, mutumin ya ɗauke shi ya kai Sudan, ya sake zama sunan gari. Wasu daga cikin masu hijirar sun zarce har Hijaz, kamar Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umaru Futi, wanda ya zauna Madina yana karantarwa, ya zama madogara ga baƙin da ke zuwa daga ƙasashenmu har rasuwarsa a 1931.

Na uku shi ne aiki da abin hawa. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka bukaci ma'aikata, alhazan ƙasar Hausa kuwa suka zama ƙashin bayan wannan aiki, har suka kafa ƙauyuka da unguwanni a Wad Madani da Gadarif da Kasala da Fot Sudan. A nan gida kuma jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, aka shimfiɗa shi don kwasar gyaɗa da auduga, amma ya rage wa mai niyyar gabas daga Shinkafi ko Zurmi ko Galadi wahalar zangon farko. Daga nan sai mota ta Maiduguri da Fort Lami, wadda yanzu ake kira Njamena, da Abashe da Jinaina da Fashir, har Al'ubayyid inda ake sake samun jirgin ƙasa. A 1948 attajiran Kano suka kafa kamfanin jigilar alhazai wanda har yau unguwar Wapa ke ɗauke da sunansa. Wani masani mai suna Bawa Yamba, da ya yi bincike a ƙauyukan Hausawan Sudan, ya fitar da littafi a 1995 inda ya kira su mahajjata na dindindin, saboda ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunnen waɗanda suka yada zango suna cewa har yanzu a kan hanyar Makka suke.

Yadda Laƙabi Ya Zama Sunan Zuriya

Makka gari ne na baƙi, kuma tun da can mutanenta da ƙasashen asali suke rarrabe mazaunanta. Akwai Bukhari da Turkistani daga tsakiyar Asiya, akwai Jawi da Falimban da Banjar daga tsibiran Indunisiya, akwai Faɗani daga kudancin Tailan, akwai Sindi da Dagistani da Shinƙiɗi. Masu yi wa alhazai jagora, watau muɗawwifai, su ma kowane da ƙasar da yake kula da mutanenta. A cikin wannan tsari baƙin yammacin Afirka suka kasu uku mafi shahara: Barnawi ga mutanen Barno, Fallata ga Fulani, wanda suna ne da aka aro daga bakin Barebari, sai Hausawi ga masu jin Hausa.

Da farko laƙabi ne kawai na unguwa da kasuwa. Abin da ya daskarar da shi shi ne takarda. Bayan an kafa masarautar Saudiyya a 1932, aka shiga tsara dokokin zama ɗan ƙasa, har aka fitar da ta 1954. Takardar shaidar ɗan ƙasa a can tana neman suna huɗu: na mutum, da na uba, da na kaka, da na dangi ko ƙabila. Balaraben Najadu yana da ƙabilar da zai rubuta, ya ce Utaibi ko Ƙahɗani. Jikan alhajin da ya fito daga Zamfara ko Katsina ko Damagaram kuwa, abin da maƙwabta ke kiransa da shi, shi ya shiga gurbi na huɗu. Da ya shiga takarda kuwa, sai ya zama gado, 'ya'ya da jikoki suka ɗauka.

Wannan ne ya sa sunan ya fi ƙarfi a Saudiyya a kan Sudan, ko da yake Sudan ta tara Hausawa masu ɗimbin yawa. A Sudan mutum da sunan ubansa da kakansa ake rubuta shi, don haka Hausa ta tsaya a matsayin sunan ƙabila, sau da yawa ma a haɗa kowa da kowa a ce Fallata.

Ya kamata mu lura cewa masu amsa sunan Hausawi ba zuriyar mutum ɗaya ba ne, ba kuma daga gari ɗaya suka fito ba. Hasali ma ba dukkansu ne Hausawa ta wajen jini ba. Hausa ita ce harshen hanya da na zango, saboda haka Bazabarme ko Banufe ko Bafillacen gida da ya iso yana jin Hausa, cikin Hausawa ake lissafa shi. Akwai kuma waɗanda ba da son ransu suka je ba, domin cinikin bayi ya daɗe yana bin hanyar alhazai, akwai yaran da aka sace ko aka yaudara aka sayar, kuma ba a haramta bauta a Saudiyya ba sai a 1962. Duk waɗannan sunan ya lulluɓe su da mayafi ɗaya.

Inda Sunan Ya Kai

Cibiyar sunan ita ce Makka, a unguwanni irin su Jarwal da Misfala da Hindawiyya da kewayen Shara Mansur, wanda duk alhajinmu ya san shi saboda tuwo da fura da ake samu a can. Daga nan sai Jidda da Madina da Ɗa'ifa. Bayan an haƙo man fetur a gabashin ƙasar a 1938, aikin gwamnati da na soja da na kamfani ya watsa zuriyar zuwa Riyad da Dammam da sauran birane. A rubutun boko ana ganin sunan ta fuska daban-daban, wani ya rubuta Hawsawi, wani Hosawi, wani ya sa "Al" a gaba, amma duk abu ɗaya ne.

Kakanni sun shiga da ƙananan sana'o'i, dako da ga-ruwa da gini da wanki da sayar da abinci. Jikoki kuwa sun kai inda ba a zata ba. Mawaƙiyar nan Itab, wadda aka haifa a 1947 ta rasu a Alƙahira a 2007, tana cikin matan Saudiyya na farko da suka yi fice a waƙa, kuma cikakken sunanta da Hausawi ya ƙare. Usama Hausawi haifaffen Makka ne, ya riƙe kyaftin na ƙasa, har ya taɓa buga wa ƙungiyar Anderlecht ta Beljiyam a 2012. Sauran sunayen biyu ma haka suka bunƙasa. Shaihu Umar Fallata ya shafe shekaru yana karantar da hadisi a masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kafin rasuwarsa a 1999. Rayyana Barnawi ita ce mace ta farko 'yar Saudiyya da ta je sararin samaniya, a watan Mayu na 2023. Har a Birnin Ƙudus akwai 'yar ƙaramar unguwa ta jikokin alhazan Afirka daf da masallacin Aƙsa, daga cikinta ne Faɗima Barnawi ta fito, 'yar gwagwarmayar Falasɗinu wadda mahaifinta mutumin Nijeriya ne, ta rasu a 2022.

Nauyin Da Ke Kan Sunan

Hausawa sun ce suna linzami ne, linzami kuwa yana ja gaba, yana kuma ja baya. Sunan da ya adana wa mutum asalinsa, shi ne kuma yake tuna wa maƙwabci cewa wannan baƙo ne, ko da kakansa a nan aka binne shi. Kalmar Takruni ta koma zagi a bakin wasu. A 2013 wata mata ta kira Nawal Hausawi, 'yar Makka mai shaidar tuƙin jirgin sama, da kalmar "baiwa" a bainar jama'a. Ta kai ƙara kotu ta yi nasara, sa'an nan ta yafe, ta kuma shiga fafutukar yaƙi da wariyar launin fata. Ban da masu takardar ɗan ƙasa, akwai kuma waɗanda aka haifa a can amma iyayensu ba su yi rajista ba a lokacin da ƙofa take buɗe, suka tashi ba su da takardar ko'ina. In aka yi kame aka kwaso irin waɗannan aka sauke a Kano, sai su tarar nan ma baƙi ne, 'yan Takari ake ce musu, ba su san garin da za su nufa ba.

A Sudan abin ya fi muni. A 2008 an yi tarzoma a Gadarif da Kasala bayan wata jarida ta danganta wa shugaban ƙasar na lokacin, Umar Albashir, maganar da ke nuna Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne. A watan Yuli na 2022, rikici kan ƙasar noma da neman sarautar gargajiya ya ɓarke tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a jihar Shuɗin Nilu, aka kashe mutum fiye da 100, ya sake tashi a watan Oktoba na wannan shekara. Tushen gardamar shi ne ko mutanen da suka haura shekara 100 a wuri suna da haƙƙin mallakar ƙasa. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu na 2023 kuma ya sake tarwatsa garuruwa da dama da suke zaune.

Kammalawa

Mun ga yadda sunan Hausawi ya faro daga laƙabin da ake yi wa baƙo, hijira da aikin hajji suka yawaita masu shi, takardar hukuma ta mayar da shi gado. Ya riƙe abu ɗaya, watau ƙasar da aka fito, amma ya zubar da gari da unguwa da gida. Wanda kakansa ya tashi daga Zurmi da wanda nasa ya tashi daga Daura ko Maraɗi, yau suna ɗaya suke rubutawa, kuma in tsofaffin gidan suka ƙare ba a tambaye su ba, babu takardar da za ta sake raba su.

A nan ne aikin ya faɗo kanmu, mu masu alƙalami. A garuruwanmu akan ji labarin wani kaka ko wata gwaggo da suka tafi gabas a ƙafa ba su komo ba, amma labarin a bakin tsofaffi kawai yake. Daɗin daɗawa, ƙaura ba ta ƙare ba. Rashin tsaro ya tashi ƙauyuka da yawa a ƙasashen Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda, wasu sun koma Gusau da Sakkwato, wasu kuma tun daga 2019 suka haye iyaka zuwa jihar Maraɗi. A inda suka sauka an fara kiransu da suna mai faɗi, 'yan Zamfara ko 'yan gudun hijira, kuma yaran da aka haifa a can ba su taɓa ganin ƙauyen iyayensu ba.

Shawararmu ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa da ke neman abin rubutawa, ita ce kowa ya sami littafi guda ya zauna gaban dattawan gidansu. A rubuta sunan wanda ya tafi, da na mahaifinsa, da unguwarsu, da sana'arsa, da shekarar da ya tashi ko abin da ya faru a shekarar, da zangon ƙarshe da aka ji ɗuriyarsa. Wanda ya sami zuwa Makka kuma ya yi irin wannan tambaya ga dattawan Jarwal da Shara Mansur. Daga irin wannan littafi ake samun tarihi, daga cikinsa kuma ake samun ƙagaggen labari mai tushe. Allah ya ba mu ikon yi, ya kuma mayar da kowane baƙo gidansa lafiya.